Daga Kasuwar Kurmi zuwa gaban alƙali: Wa ke da me idan aure ya mutu?

Idan 'yan kasuwa biyu da suka haɗa jari a Kasuwar Kurmi za su raba gari, akwai yadda ake yi. A kan kira dattawan layi, a ƙirga kayan da ke ƙasa, a buɗe littafin bashi, a fitar da uwar kuɗi sannan a ware riba. Wanda zai ci gaba da zama a rumfa ya san abin da zai biya, wanda zai tashi ya san abin da zai ɗauka. Ko yaron shago da ya shekara da shekaru yana yi wa maigidansa hidima ba a sallamarsa a ɓoye, sai an samu waɗanda gobe za su ce a gabansu aka yi.

Wannan ba sabon abu ba ne a kasuwar da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa a bakin Jakara. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ba da labarin cewa a kan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi. Idan an kai kayan har Borno aka kwance aka ga algus, sai a dawo da su, dillalin ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi.

Sai dai akwai wata yarjejeniya da wannan kasuwa ke ci da ita kullum, wadda ba ta samun irin wannan kulawa idan ta zo ƙarshe. Ita ce aure. Ana ɗaura shi a gaban ɗaruruwan mutane, a faɗi sadaki da ƙarfi kowa ya ji. Amma sau da yawa a cikin ɗaki yake mutuwa, tsakanin mutum biyu da ransu ya ɓaci, babu shaida, babu kwanan wata, babu wanda ya zauna ya ƙirga komai.

Kayan da ke fita, kayan da ke dawowa

Cinikin atamfa da leshi ya daɗe da komawa Kantin Kwari, kwanuka da robobi sun fi yawa a Wambai da Rimi, gado da kujeru kuma sai wajen kafintoci. Duk da haka, da wuya a yi biki a unguwannin cikin birni irin su Sharifai, Koki, Alfindiki ko Bakin Zuwo ba a shiga lungunan Kurmi ba. Nan ake neman turaren wuta da humra, lalle da kwalli, murjani, faifai, ƙwarya, tabarma da kayan yaji.

A da ƙore da tasoshi ake jera wa amarya. Daga baya aka koma langa da kwalla da samira, sannan tangaran a cikin kabad. Abin da bai sauya ba shi ne ma'anar jeren. Ba ado ne kawai ba, asusun mace ne. Idan yaro ya kwanta ciwo ko bikin ƙanwa ya taso, ana iya ɗauke saiti ɗaya a ba dillaliya ta kai kasuwa. Idan kuma aure ya mutu, jeren nan shi ne abin da take tsayawa a kansa kafin ta san inda ta dosa.

Kan wannan babu gardama sosai. Kowa ya san abin da iyayen mace suka kawo nata ne, kuma 'yan uwanta mata ne ke zuwa da mota su kwashe. Rigimar tana farawa ne daga abin da aka tara bayan an tare. Matan cikin birni da yawa ba sa fita kasuwa, amma suna sana'a a cikin gida: ɗinkin hula, ƙuli-ƙuli, zoɓo da ƙanƙara, markaɗe, kitso. Da kuɗin adashi mace kan sayi firiza ko keken ɗinki, ta sa hannu a sayen janareta, ko ta ranta wa maigida kuɗi ya cika kuɗin haya ko ya ƙara jari. Babu mai neman rasit a hannun mijinta, domin ana ganin hakan rashin yarda ne. Ranar da za a rabu kuwa, kowa na da nasa lissafin.

Abin da littattafan ke cewa

Abin mamaki shi ne amsar yawancin waɗannan tambayoyi na nan a cikin kasuwar, a rumfunan masu sayar da littattafan addini. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, Mukhtasar na Shehu Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, su ne littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalan Kano ke komawa gare su a shari'ar aure.

Game da kayan gida, ƙa'idar ita ce duk wanda ya kawo shaida shi ke da kaya. Idan babu shaida, abin da aka saba na mata ne sai matar ta rantse ta ɗauka. Abin da aka saba na maza ne, ko wanda maza da mata duka ke amfani da shi, sai mijin ya rantse ya ɗauka, tunda gidan nasa ne. Wannan ƙa'ida ba ta da wuyar aiki a zamanin da ake rarrabe takobi da rawani daga awarwaro da madubi. Yau kuwa, firiji na wa ne a al'ada? Talabijin fa? Matar da ta yi shekara biyu tana zubin adashi ta sayi janareta, ba ta ajiye rasit ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, za ta iya tsayawa tana kallo a ba wani rantsuwa a kan guminta. Alƙalin bai zalunce ta ba, da abin da aka kawo gabansa ya yi hukunci.

Haka batun yake a kan sakin kansa. Idan mace ta ce an sake ta, miji ya musa, ita ce za ta kawo shaidu biyu maza adalai. Shi ya sa 'yar takardar nan da ake yagowa daga littafin makarantar yara a rubuta "na sake ki saki ɗaya" take da daraja fiye da yadda ake zato, musamman idan akwai kwanan wata da sa hannu. Malamai na ɗaukar rubutu a matsayin saki idan ya tabbata mijin ne ya rubuta da niyya, don haka saƙon waya ko na WhatsApp ma na shiga ciki. Sai dai saƙo ana goge shi, waya na ɓata, kuma ba a rasa mai cewa ba shi ya tura ba.

Kwanan watan ba ƙaramin abu ba ne. Daga shi ake fara ƙirga idda: tsarki uku ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuma sai ta haihu. A saki ɗaya ko biyu, miji na da ikon mayar da matarsa kafin idda ta cika. Idan ta cika sannan ya zo ya ce ai tun tuni ya yi kome, ba a karɓar maganarsa sai da hujja. Amma idan ba a san ranar da aka yi sakin ba, daga ina za a fara ƙirge? Akwai matan da sai wani manemi ya fito sannan tsohon miji ke tuna cewa bai saki ba, ko kuma ya mayar.

Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, ya kuma yi umarni da kafa shaidu biyu adalai. A Malikiyya, mai iddar sakin da ake iya kome tana da ci da sha da wurin kwana a kan mijin har ta gama. Wadda aka yi wa saki uku tana da wurin kwana, idan tana da ciki kuma har da ciyarwa. Abin da aka fi gani a unguwanni daban ne. Ana furta kalmar, kafin magariba ta ɗauki mayafi ta nufi gidansu, wani lokaci shi ya kore ta, wani lokaci ita ce zuciya ta ɗebe ta. Nauyin wata uku ya koma kan uba ko wa, wanda shi ma da ƙyar yake riƙe da nasa gidan.

Akwai kuma mutu'a, wato kyautar sallama da miji ke ba matar da ya saka. Malikiyya na ganin mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, shi ya sa mutane da yawa ba su ma taɓa jin sunanta ba. A Masar, dokar 1985 ta mayar da ita haƙƙi da kotu ke yankewa, wanda bai gaza ciyarwar shekara biyu ba, ga matar da aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba.

Idan ita ce ke son fita

Hanyar da aka fi sani ita ce khul'i, inda mace ke fansar kanta. Asalinsa labarin matar Sabit bin Ƙais ne, wadda Manzon Allah (SAW) ya umarta ta mayar da lambun da aka ba ta sadaki, mijin ya sawwaƙe mata.

A gaban alƙali, khul'i kan koma ciniki irin na kasuwa. Miji na iya zuwa da dogon lissafi: sadaki, lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, toshin salla, wani har da kuɗin asibitin haihuwa. Malikiyya ta halatta a daidaita a kan abin da ya fi sadaki idan matar ta yarda, kuma ta nan ne wasu ke shiga su tsauwala. Lefen da aka ɗinka aka sa har ya koɗe shekaru biyar da suka wuce, sai ga shi an yi masa kuɗi da farashin Kwari na yau.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne khul'i ba shi ne kaɗai ƙofa ba. Idan ta tabbatar da cutarwa, kamar duka ko zagi mai muni, ko rashin ciyarwa, ko miji ya yi doguwar tafiya ya bar ta babu komai, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba. Har ma malaman mazhabar sun ce idan ta biya kuɗin khul'i sannan ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tura ta, a mayar mata da kuɗinta, sakin kuma ya tabbata. Matsalar ita ce shaida. Maƙwabtan da suka sha jin kuka ta katanga ba sa son a gan su a kotu, ita kuma ta gaji da ɗage zama. Sai ta kira dillaliya, a sayar da gado da kujeru, a biya, a huta.

A irin wannan gajiya ce ake sa hannu a kan abin da ake nadama daga baya. Malikiyya ta yarda mace ta yi khul'i a kan ta sauke haƙƙinta na riƙon 'ya'ya. Wadda ta ce "ya ɗauki komai ya ba ni takardata" a gaban shaidu, ta faɗi magana mai nauyi a shari'a, ko da ba haka take nufi ba.

'Ya'ya

Nan ne al'ada da littafi suka fi nisa da juna. A al'ada, ana cewa ɗa na uba ne: da zarar an yaye shi sai a karɓe, a kai wa kaka ko a bar shi a hannun kishiyar uwa. A Malikiyya kuwa, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon na komawa ga kakar yaran ta wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, kafin layi ya zo kan uban. Duk inda yaran suke, ci da sha da sutura da magani na kan mahaifinsu.

Kotu kan yanke adadin kuɗin da zai riƙa bayarwa duk wata. Sai dai adadin da ya wadatar kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba ya sayen rabin abin da yake saya a da, kuma ba kowace mace ce ke da ƙarfin sake komawa kotu ta nemi ƙari ba. Yarjejeniyar da ta ambaci kwano nawa na masara ko shinkafa, wa ke biyan kuɗin makaranta da na Islamiyya, wa ke kai yaro asibiti, da ranar da uba zai riƙa ganin 'ya'yansa, ta fi wadda ta tsaya a kan adadin naira daɗewa tana aiki.

Ina ake rubutawa?

Matakin farko a cikin birni har yanzu shi ne zaure: waliyyai, limamin unguwa, mai unguwa. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kuma Malikiyya ta ba waɗannan mutum biyu ƙarfi sosai, har suna iya raba auren idan sun ga gyara ya gagara. Raunin zaure shi ne yawanci da fatiha ake tashi, ba da takarda ba. Bayan shekara uku, ɗaya daga cikin dattawan ya rasu, ɗayan ya ce ba ya son a sa shi a tsakiya.

Hukumar Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, na karɓar ƙorafin aure a hedikwatarta da ke Sharaɗa da ofisoshinta na ƙananan hukumomi, kuma a kan rubuta abin da aka daidaita a sa hannu. Amma Hisbah ba kotu ba ce. Idan wani ya karya alkawari, takardar hujja ce da za a kai gaban alƙali, ba hukunci ba ce. Sulhun da aka yi a gaban kotu aka shigar da shi cikin littafinta shi ne ke zama hukunci da za a iya tilasta wa mutum. Daga Kurmi zuwa kotunan Ƙofar Kudu ba wata tafiya ba ce. Akwai kuma cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2009. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramar kotun Musulunci ba na iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ikon duba shari'o'in aure da riƙon yara da gado.

Duk wannan ya shafi auren Musulunci ne. Wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashin dokar tarayya, kamar yadda Kiristoci da yawa a Sabon Gari ke yi, yana ƙarƙashin dokar 1970, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya shekara biyu sai da izinin kotu. Dole a nuna cewa auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, misali an shekara uku ba a tare, ko shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba. Ko an yanke hukunci, sai bayan wata uku yake zama na ƙarshe.

A Turai har zaman da ba aure ba an yi masa rajista. Faransa ta fito da PACS a 1999. Birtaniya ta yi tata dokar a 2004 domin masu jinsi ɗaya, sannan a ƙarshen 2019 aka buɗe ta ga mace da namiji a Ingila. Najeriya ba ta san wannan tsari ba, kuma dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta shi tsakanin masu jinsi ɗaya. Abin lura shi ne a Ingila ko wannan zaman ba ya ƙarewa sai ta hannun kotu, kuma yarjejeniyar rabuwa da mutum biyu suka rubuta kan gida da kuɗi ba ta samun cikakken ƙarfi sai alƙali ya mayar da ita umarni. Wani hukunci ya fi shafar Hausawa mazauna can: a Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce auren Musulunci da aka ɗaura a Landan ba tare da rajistar hukuma ba, ba aure ba ne a idon doka, don haka matar ba ta da ikon neman rabon dukiya irin na matar aure.

Yunƙurin da aka yi a Kano

A Janairun 2009, Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu ta VOWAN, ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano domin nuna halin da suke ciki. Hisbah ta hana. Shekara uku bayan haka, a 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso tare da Hisbah a ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa suka fara auren zawarawa da ma'aurata 100. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 a shirin Auren Gata. An gindaya wa angwayen irin wannan aure sharaɗin kada su yi saki sai sun koma gaban Hisbah. Wato gwamnati ta yarda cewa sakin da ba a yi a gaban kowa ba matsala ce, amma sharaɗin ya tsaya a kan auren da ta biya wa sadaki.

Wanda ya so ya faɗaɗa abin shi ne Sarki Muhammadu Sanusi II. A Fabrairun 2017 ya bayyana cewa kwamitin malamai da masana shari'a na tsara kundin dokar iyali da zai tattara hukuncin aure, saki, ciyarwa da riƙon yara a wuri ɗaya. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga batun hana talaka ƙara aure, sauran babukan suka ɓace a cikin hayaniya. Har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. Daga baya ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan wannan batu, inda ya kwatanta Kano da Maroko.

Maroko ƙasar Malikiyya ce, da Mukhtasar ɗin da ake sayarwa a Kurmi malamanta suka tashi. Dokar iyalinta ta 2004 ba ta ƙwace wa miji ikon saki ba, amma ta ce sai ya nemi izinin kotu, kuma sai an gwada sulhu. Ta kuma ba ma'aurata damar rubuta wata takarda daban, ban da ta ɗaurin aure, kan yadda za a raba abin da suka tara tare. Idan sulhu ya gagara, alƙali na lissafa ragowar sadaki, ciyarwar idda, mutu'a da haƙƙin yara, ya ba mijin kwana 30 ya ajiye kuɗin a kotu. Idan wa'adin ya cika bai ajiye ba, kotu na ɗauka cewa ya janye maganar sakin.